Iyakar Katin Yaya Babba

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun jiya cewa na bar Yaya Babba a tsaye gaban kanta da kati a hannu, na ji ku. Wata har da cewa in ban sako yau ba ta daina karantawa. Ke da muka san ko korar ki aka yi ba za ki tafi ba. To ku gyara zama, amma ku sani yau ko ni da nake rubutawa sai da na rufe fuska.

Matar da ke karɓar kuɗi a shagon kayan asibitin ta juyo da na'urar tana murmushi.

"Miliyan biyu cif, Anti. Gadon lantarki da katifarsa, injin oksijin, har da kuɗin kaiwa gida."

Yaya Babba ta gyaɗa kai kamar kuɗin burodi aka faɗa mata. Ta zuge jaka, ta zaro katin da yatsu biyu, yadda ta saba zaro shi shekara goma sha ɗaya a gaban ƙannenta. Ba a banza suke ce mata Bankin Gida ba. In an fita cin abinci sai ta ce za ta wanke hannu, kafin a ankara ta biya. In wani ya kwanta rashin lafiya, ita ce a layin biyan kuɗi. Duk wanda ya kai hannu aljihu a gabanta kuwa, harara ce rabonsa.

Yau kwanan Baba goma sha tara a asibiti tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce zai sallame shi ƙarfe huɗu na yamma, amma sai in an ajiye gado mai tashi da injin oksijin a gida. Shi ya sa ƙaninta Ticha, malamin lissafi, ya sayar da tsohuwar motarsa ya kawo dubu ɗari tara. Auta, mai gyaran gashi, ta kwaso dubu ɗari uku da take tarawa don kama shagon kanta. Suka damƙa wa Yaya Babba tun ranar Litinin. Ita kuma ta ce cikon dubu ɗari takwas nata ne, kada ta ji wanda ya sake tayar da maganar.

Babu wanda ya tayar. A gidansu ba a tambayar Yaya Babba ina kuɗi suke.

Gadon na nan dab da kantar, har an manna masa takardar an saya. Auta ta kasa haƙuri, ta kira Mama ta bidiyo.

"Mama, juya wa Baba wayar. Baba, ka ga gadonka? Kalli, da kansa yake tashi."

Muryar Mama ta fito da dariya.

"Ai tun da gari ya waye ya sa na sa masa takalmi. Na ce ƙarfe huɗu fa aka ce. Wai kada likita ya zo ya same shi a kwance ya canja shawara."

"Baba ke nan," in ji Auta. Ta jingina wayar a jikin ƙarfen gadon don ta samu hannu biyu, ta ci gaba da danne-danne, kan gadon na tashi yana sauka.

Yaya Babba ta zura katin. Ta danna lambar sirri.

Na'urar ta ɗan yi jim, ta yi wata 'yar ƙara, ta tofo gajeriyar takarda.

"Bai shiga ba, Anti. Wataƙila sabis ne. A sake."

Aka sake. Aka sake jin wannan 'yar ƙarar.

Matar ta duba takardar, ta rage murya, don ita ma 'yar mutunci ce.

"Ya nuna kuɗin sun wuce iyakar katin."

Ga abin da ƙannen ba su sani ba, ku kuma kun sani tun shafi na tara. Kamfanin tafiye-tafiyen da Yaya Babba ke wa aiki ya rufe wata takwas da suka wuce. Ba ta gaya wa kowa ba. Katin bashi ne ke riƙe da ita tun daga ranar. Iyakarsa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ta kuwa cinye shi har ƙeya. Da ta roƙi banki su ƙara mata iyaka, suka ce ba sa ko duba irin wannan buƙata sai an biya abin da ake bin mutum. Ita kuma zuciyarta ta fassara mata cewa in ta biya za su ƙara. Sai ta kwashe kuɗin Ticha da na Auta kaf ta zuba a katin, ta nemi a ɗaga mata iyaka zuwa miliyan biyu, ta zauna tana addu'a.

Ta ƙaƙalo dariya.

"Bankin nan dai ba sa gajiya da ba mutum kunya."

Ticha ya matso. Hannun rigarsa duk ƙurar alli, don daga aji ya shigo motar haya ya taho.

"Ba abin damuwa ba ne, Yaya. A raba biyu. Ki tura musu namu miliyan ɗaya da ɗari biyun daga asusu, naki ɗari takwas ɗin a cira a kati. Shi ke nan."

Ta mayar da ido kan na'urar.

"Yaya?"

"Duk suna cikin katin."

"Cikin katin kuma?"

"Haka ake yi. In kaya sun fi ƙarfin kati, sai ka fara zuba kuɗi a ciki, sannan ka biya gaba ɗaya."

Ticha ya kalli mai karɓar kuɗi.

"Gaskiyarta," in ji matar. "Muna ganin masu yin haka."

Yaya Babba ta ji kamar ta rungume ta. Ta dafa kantar, ta ce a ranta ko ƙarin bai fito ba, ai kuɗin yaran suna nan. A biya su tukuna, sauran ta san ƙaryar da za ta yi zuwa gobe.

"To ciri miliyan ɗaya da ɗari biyu," ta ce.

'Yar ƙarar ta sake fita.

Wannan karon ita kanta ba ta san dalili ba.

"Gwada miliyan ɗaya," in ji Ticha.

Bai shiga ba.

"Ɗari biyar."

Bai shiga ba.

Takardu biyar ke nan matar ta yaga ta jera a kan kanta. A bayansu layi ya fara tsawo. Wani dattijo mai riƙe da sandar guragu sabuwa ya yi gyaran murya. Wata mata ta leƙo ta kafaɗar Ticha tana kallon takardun, sannan ta kalli jakar Yaya Babba, sannan ta kalli takalminta. Yaya Babba ta ga wannan kallon sarai, ta kuma san ma'anarsa, don ita ma ta sha yi wa wasu irinsa a layi.

Auta ta bar wasa da gado ta taho.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Koma."

Auta ba ta koma ba.

Manajan shagon ya fito, wani mai sanƙo da tabarau a saman goshi. Ya jawo kujeru uku ya ajiye a gefen gadon.

"Ku zauna nan ku kira bankin, in sallami na bayanku. Yana faruwa, kada ku damu."

Ta zauna. Ta ciro waya, sau biyu tana kuskuren lambar buɗewa. A saman allon ga saƙonnin banki nan talatin da ɗaya da ba ta buɗe ba. Ta daɗe da daina buɗe su, don kowanne gaisuwa ce a sama, barazana a ƙasa. Ta yi saurin dannawa ta wuce su, ta kira.

"Bari in fita waje, nan da hayaniya," ta ce tana shirin miƙewa.

Ticha ya riga ta. Ya zare wayar daga hannunta, ya sa a sifika.

"Zauna, Yaya. Kin cika kawaici, shi ya sa suke raina ki. Yau ni zan yi musu magana. Mace kamar ke a tsayar da ita a gaban mutane?"

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Aka ɗauka. Wata murya mai laushi ta gaishe su, ta tambayi ranar haihuwa da lambobin ƙarshe na katin. Yaya Babba ta amsa da ƙyar.

"Na ji kamar akwai wani tare da ke. Kin yarda in yi bayanin asusunki yana ji?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma ɗaya ce, a'a. Ta ɗago ta ga idon Ticha a kanta, ido ne na wanda ya shirya yi mata faɗa da duniya.

"Na yarda," ta ce.

"To, mun ga biyan da kika yi shekaranjiya na miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mun gode ƙwarai. Ya share duk bashin da ke kan katin."

"Bashi?" in ji Ticha. "Baiwar Allah, duba da kyau. Ajiya ta yi."

"Bashi ne, ranka ya daɗe. Katin ya cika tun watanni uku da suka wuce."

Ticha ya juyo ya kalli Yaya Babba. Muryar ta ci gaba.

"Sai batun ƙarin iyaka da kika nema. Muna ba ki haƙuri, ba a amince ba. Kuma saboda wata biyar a jere ba a biya a kan lokaci ba, an rage iyakar katin daga jiya."

"An rage?" Muryar Yaya Babba ta fito siririya. "Zuwa nawa?"

"Dubu ɗari biyu. Mun tura miki saƙo jiya da safe."

Saƙo na talatin da ɗaya ke nan.

"Amma kun ce in na biya..."

"Mun ce sai an biya ake dubawa, ranki ya daɗe. An kuma duba."

"Ku dawo min da kuɗin to. Ba nawa ba ne. Don Allah, ba nawa ba ne, mahaifinmu ne a asibiti."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma kuɗin bashi aka biya da su, ba sa dawowa. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

Ticha ya kashe wayar a hankali. Bai miƙa mata ba.

Auta ta zauna a bakin gadon, ledar katifar ta yi ƙara. Yaya Babba ta kafa ido a kan tayil ɗin da ke tsakanin ƙafafunta, tana fatan ya tsage ta shige. Kunyar ta fara daga wuya, ta hau kunnuwa, har ta ji ɗankunnenta sun yi mata nauyi.

"Bari in yi lissafin, ko ni ne ban gane ba," in ji Ticha. Muryar aji ya yi amfani da ita, wadda yake yi wa yaron da ya kwafi amsa. "Mun ba ki miliyan ɗaya da ɗari biyu."

"Eh."

"Ana bin ki miliyan ɗaya da ɗari biyu."

"Eh."

"Kika biya bashinki da motata."

"Ba haka na yi niyya ba. Na ɗauka in na biya za su buɗe min..."

"Da motata, da shagon Auta."

"Eh."

"Ɗari takwas ɗin da kika ce naki ne, suna ina?"

Ta girgiza kai.

"Ban ji ba."

"Babu su."

"Tun ranar Litinin da kika ce kada a tayar da maganar, babu su?"

"Babu."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro zoben makullin motarsa. Babu makulli a jiki, sai 'yar robar da 'yarsa ta maƙala masa. Ya juya shi a yatsa sau biyu, ya lura da abin da yake yi, ya mayar.

"Albashinki fa, Yaya?" Auta ce ta tambaya, a hankali. "Ai gobe wata zai ƙare. Ko manaja zai jira zuwa..."

"Babu albashi."

"Sun riƙe muku ne?"

"Kamfanin ya rufe."

"Yaushe?"

"Wata takwas."

Auta ta dafe ƙirji.

"Wata takwas? To ina kike zuwa kullum? Ran nan da na kira ki kika ce kina taro."

"Ɗakin karatu nake zuwa. Akwai intanet kyauta. Nakan zauna in aika takardun neman aiki har ƙarfe biyar, sai in koma gida."

"Da wannan kwalliyar?"

"Da ita."

"Ranar da na zo ofishinku kawo miki saƙon Mama, kika ce in tsaya a ƙasa za ki sauko?"

"Daga tsallaken titi na fito. Na zagaya ta baya don ki ga kamar daga ciki nake."

Auta ta kau da kai, hawaye na zubo mata. Wannan kau da kan ya fi komai yi wa Yaya Babba ciwo, don ta san kunya ce Auta ke ji a madadinta.

Ticha ya ɗaga wayar.

"Buɗe min in ga abin da ya ci kuɗin."

"Ticha, a nan?"

"A nan kuɗin suka ƙi fita."

Ta ɗora yatsa, wayar ta buɗe. Ya shiga ya fara karantawa a fili, ba da ƙarfi ba, amma kowace kalma tana isa inda aka aike ta.

"Kantin magani. Kantin magani. Kantin magani." Ya tsaya. "Maganin hawan jinin Baba ne?"

"Eh."

"Kika ce inshorar ofishinku ce ke biya."

Ya gangara zuwa layi na gaba.

"Makaranta." Ya daɗe a kan wannan layin. "Kuɗin makarantar 'yata ne wannan."

"Zangon da albashinku ya makara."

"Na ce miki zan ranta a wurin aiki. Kika ce in na ranta kin yi fushi da ni."

"Na tuna."

"Na'urar busar da gashi. Taki ce, Auta."

Auta ta rufe baki da tafin hannu.

Yaya Babba ta ɗan ji sanyi, har ta fara ɗago kai. Ai ga shi sun gani, ba a kanta ta kashe ba. Amma yatsan Ticha bai tsaya ba, ita kuwa ta san abin da ke ƙasa.

"Jaka. Dubu casa'in da biyar." Ya kalli wadda ke kan cinyarta. "Wannan?"

Ta sauke jakar ƙasa, ta tura ta bayan ƙafarta.

"Takalmi. Turare. Gyaran farce. Wani takalmin. Wata huɗu da rufe kamfani, Yaya."

"In kun gan ni da tsoho za ku gane."

"To da mun gane sai me?"

Ya mayar da ido kan wayar.

"Gidan abinci, dubu ɗari da ashirin. Ranar da Baba ya cika saba'in ke nan. Ranar na ciro walat kika buge min hannu a gaban matata. Kika ce ina ni ina biyan wannan da albashin alli. Kowa ya yi dariya, har da ni."

"Wasa nake yi."

"Na sani. Na koma gida ranar ina jin ni ba kowa ba ne. Ashe mai albashin allin ne kaɗai mai albashi a teburin."

Ku da kuke cewa Ticha ya cika zafi, ku faɗa min abin da za ku ce in ku ne. Ni dai ban ga ƙarya a maganarsa ba, ita ma Yaya Babba ba ta gani ba.

"Ban iya ba ne," ta ce. "Tun ina shekara ashirin da shida ake cewa Yaya za ta yi. Kuma ina jin daɗin ji. Wallahi ina jin daɗi. Ranar da aka rufe ofis na zo gida da niyyar faɗa. Na samu Baba da baƙi, yana ce musu ga 'yar da ta ɗauke masa nauyin gida. Sai na ciro kuɗi na ba shi ya sallami baƙin."

"Da kin faɗa, da motar nan na sayar tun lokacin, mu san inda muka dosa. Yanzu fa? Babu mota, babu shago, babu gado."

"Ka yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Mutumin da ya sa takalmi tun safe za ki ba."

Ta kalli agogon bangon shagon. Uku saura kwata.

Manajan ya dawo yana murza hannu. Da gani ya ji fiye da rabin maganar, yana ta ƙoƙarin nuna bai ji ba.

"Ku gafarce ni. Motar kai kaya za ta tashi ƙarfe uku. In cire takardar daga jikin gadon ne, ko kuwa?"

Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

Ya sauko da tabaransa, ya yi ɗan tunani.

"Akwai hanya ɗaya. Muna bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. A ba da dubu ɗari biyu yanzu, sauran a raba wata goma sha takwas, da ɗan ƙari a kai. Amma sai mai albashi ya sa hannu, daga albashinsa za a riƙa cira."

"Ni zan..." in ji Yaya Babba.

Bakinta ne ya riga ta, shekara goma sha ɗaya ya saba. Ta datse maganar. Auta ta sunkuyar da kai. Manajan ya kalli silin.

"Kawo takardar," in ji Ticha.

Aka kawo. Ya ɗora ta a kan katifar gadon, ya bi lambobin da ido. Leɓensa na motsi, ta san lissafi yake yi, ta kuma san amsar daga yadda kafaɗunsa suka sauka. Kusan rabin albashinsa ne, shekara ɗaya da rabi, ga mata da yara biyu da kuɗin haya.

"Kada ka sa hannu," ta ce. "Zan sayar da jakar, da ɗankunne, da kujeruna. Ka ba ni kwana uku."

"Likita ƙarfe huɗu ya ce."

"Ticha, don Allah. Ba zan iya kallon ka ba in ka sa."

"Ba don ke zan sa ba, Yaya." Ya zare biro daga aljihun gaba, jan biron da yake duba jarrabawa da shi. Ya kalle shi, ya mayar, ya karɓi shuɗi a hannun manaja. "Kuma in mun je, ke za ki shiga gaba kamar kullum. Ke kika sayi gado. Baba ba zai ji wannan maganar ba, jininsa ba zai ɗauka ba. Kin ji, Auta?"

"Na ji."

Wato har yanzu rufa mata asiri yake yi. Yaya Babba ta sa fuska a tafin hannu, kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

Ticha ya sunkuya. Bakin biron ya taɓa takarda.

"A... je."

Ya tsaya.

"Aje... biron... nan."

Muryar a shaƙe take, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya da ƙyar, ta gefe guda na baki. Ba daga cikin shagon ta fito ba. Daga jikin ƙarfen gadon ta fito.

Su ukun suka juya tare.

Wayar Auta na nan a jingine inda ta bar ta. A saman allon lambobi na tafiya, minti arba'in da bakwai. Ga fuskar Mama, idanunta jawur. Ga Baba a zaune a bakin gadon asibiti, cikin rigar da aka goge masa tun jiya don komawa gida.

"Mama..." in ji Auta. "Tun yaushe..."

"Tun takarda ta farko," in ji Mama. "Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni."

Yaya Babba ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Katin ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasa.

Baba bai kalli wayar ba. Ya sunkuya a hankali, da hannunsa na hagu mai aiki, ya kama takalmin ƙafar dama. Ya ja, ya ƙi fita. Mama ta kai hannu, ya ture. Ya sake ja har ya fita, ya ajiye shi a ƙasa. Ya koma kan ɗayan.

"Baba, me kake yi?" in ji Ticha. "Mayar masa, Mama. Yanzu za mu taho da gadon."

"Ya ce ya fasa," in ji Mama. "Ya ce ba zai kwanta a kansa ba."

Sai da ya jera takalman biyu a ƙarƙashin gado, sannan ya ɗago. Ya kalli allon. Ya wuce Ticha, ya wuce Auta, ya tsaya a kanta.

"Uwata."

Haka yake kiran ta tun tana ƙarama, amma tun da ya kwanta harshensa bai iya ɗaukar kalmar ba sai yau.

"Na'am, Baba."

"Ɗauki... katin."

Ta durƙusa ta ɗauka.

"Zo." Ya ja numfashi mai tsawo. "Ke... kaɗai."

Allon ya yi baƙi.